Wa Ya Dace Ya Riƙe Kwalejin Zane da Zayyana, Kuma Wa Zai Zaɓe Shi?

Malam Isiyaku, Garwa:

Assalamu alaikum. Kamar yadda yawancinku kuka ji, shugaban kwalejinmu ta zane da zayyana da ke Garwa ya sanar da majalisar amintattu cewa zai ajiye aiki a ƙarshen wannan shekarar karatu, majalisar kuma ta kafa kwamitin da zai nemo magajinsa kafin a koma karatu a watan Oktoba. An bai wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da abokan kwaleji kujera ɗaya a kwamitin, an kuma nemi mu rubuto abin da muke so a duba a wurin masu neman muƙamin. Ban ga dacewar in zauna ni kaɗai in rubuta takarda da sunan jama'a ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku. Roƙona biyu ne: kada a ambaci sunan kowa daga cikin waɗanda ake raɗe-raɗin suna nema, kuma kada a mayar da zancen nan shari'ar shugaba mai barin gado, domin yana da damar a sallame shi da mutunci.

Dakta Hadiza, Ngaundere:

Wa alaikumus salam, Malam Isiyaku. Kafin mu shiga batun wane irin mutum muke so, ya kamata mu san iyakar abin da ke hannunmu. A jami'o'in gwamnatin Kamaru ba a neman shugaba ta wannan hanya, domin dokar shugaban ƙasa ce ke naɗa shugaban jami'a da shugabannin manyan makarantun da ke ƙarƙashinta, har da cibiyar koyon zane ta Fumban da ke ƙarƙashin Jami'ar Dschang da ta Nkongsamba da ke ƙarƙashin Jami'ar Duwala, kuma sau da yawa malamai kan ji sunan sabon shugabansu ne a labaran rediyo tare da kowa. Mu tamu kwalejin mai zaman kanta ce, saboda haka amintattu na da ikon zaɓe, amma ikon nan ba cikakke ba ne. Da izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi muke aiki, ɗalibanmu jarrabawar ƙasa ta diflomar sana'a da ake kira BTS suke zaunawa, takardar digiri kuwa ba ta da daraja sai da kulawar wata jami'ar gwamnati da aka ƙulla yarjejeniya da ita.

Ga kuma abin da ya sauya tun bayan zuwan shugaba mai barin gado. An kafa Jami'ar Marwa a 2008, an kafa Jami'ar Garwa a 2022, kuma cikin makarantun da aka ba ta akwai cibiyar fasahar zane da ƙirƙira. Uban da ke iya biyan sefa dubu 50 na rajista a jami'ar gwamnati zai tambayi kansa dalilin da zai sa ya biya ninkin haka a wurinmu. A ganina wanda zai riƙe kwalejin nan dole ya kasance malamin jami'a mai digirin dakta, wanda ya san yadda ake zama da ma'aikatar ilimi a Yawunde da majalisun jami'a, wanda idan ya sa hannu a takarda ba za a tsaya ana tambayar ko shi wane ne ba.

Alhaji Buba, Marwa:

Dakta, 'yata, bayaninki ya fita, kuma ban musa miki ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa game da ma'aikata ba. Amma ni baduku ne ɗan baduku, kuma abin da ya sa aka saka ni cikin wannan zaure shi ne ana turo mini yaran kwalejin su koyi aikin fata a hutunsu, don haka ina ganin abin da ba ya fitowa a takardar jarrabawa. Yaro yakan zo mini da zanen jaka mai kyau a takarda, an auna ko'ina, an shafa launi, sai in miƙa masa fata biyu in ce ya gaya mini wadda ta jemu da wadda bagaruwa ba ta ratsa ba, sai ya tsaya yana kallona. Bai taɓa shiga majema ba, bai san fatar akuya daban ta tunkiya daban a wajen ɗinki ba, bai san jan da muke sa wa fata daga karan dafi yake ba. Laifin ba na yaron ba ne. Malamin da ya koya masa shi ma bai sani ba, kuma wanda ya sani ba a yarda ya shiga aji ba saboda ba shi da takarda.

Ni ban ce a ɗauko baduku a ba shi kujerar shugaba ba, kowa da aikinsa. Abin da nake so a tambayi duk mai nema shi ne wannan: idan ka hau, majemi da marini da masaƙi da mai ginin tukwane, wane matsayi za su samu a kwalejin, kuma nawa za a biya su? Har yau idan an kira ɗayanmu, ranar bikin baje koli ake kiransa, a zaunar da shi a tabarma baƙi su ɗauki hoto, a sallame shi da kuɗin mota.

Abakar, Njamena:

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ina tare da kai a kan cewa hannu ya san aiki, amma ina jin tsoron kada mu nemi shugaban da zai mayar da kwalejin gidan adana kayan tarihi. Ni a kwalejin na yi karatu, yanzu kuma a Njamena nake cin abinci da zayyana, kuma abin da ke kawo mini kuɗi shi ne tambarin kamfani, kwalayen kaya, allunan talla da shafukan intanet. Abokan karatuna da suka samu aiki, yawancinsu ta wannan ƙofa suka shiga. Lokacin da muke can, kwamfutocin ba su kai yawanmu ba, kuma idan aka ɗauke wuta a watan Afrilu da zafin Garwa, darasi ya ƙare ke nan, tunda janareto ba kullum yake da mai ba.

Akwai kuma abin da ba a taɓa koya mana ba, wanda na san shi bayan na fita. Hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka, wato OAPI, da ke Yawunde tana rajistar zayyanar kayan masana'antu, kuma rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, har da Kamaru da Cadi. Ɗalibin da ya ƙirƙiro sabon fasalin takalmi ko zanen atamfa ya kamata ya fita ya san yadda zai kare abinsa, ya kuma san cewa Najeriya ba ta cikin wannan hukuma, don haka kariyar ba ta ƙetara can. Shugaban da nake so shi ne wanda ya taɓa sayar da aikin zayyana da kansa, ya san abin da mai saye ke nema. Sannan a tuna da mu 'yan Cadi: muna ƙetaro gadar Ngeli zuwa Kusiri mu gangaro karatu, wasunmu da Larabci suka tashi ba da Faransanci ba, kuma ba mu taɓa ganin an zauna an yi tunanin yadda za a karɓe mu ba.

Malam Sale, Garwa:

Na karanta ra'ayoyi uku, kuma kowannensu yana kashe kuɗi, babu wanda ya faɗi inda za a samo su. Aikina lissafin kuɗin makarantu ne, saboda haka ku yi mini haƙuri idan na kawo maganar da ba ta da daɗi. Makarantar zane ta fi kowace irin makaranta tsadar riƙewa idan aka kwatanta da yawan ɗalibanta. Malamin shari'a zai iya tsayawa gaban ɗalibai ɗari da allo da alli, amma malamin saƙa ko na sassaƙa ba zai iya kula da fiye da 'yan kaɗan a lokaci ɗaya ba, kuma kowane ɗalibi yana cinye zare da fenti da fata da katako da wutar lantarki kafin ya iya komai. Idan kuɗin makaranta ne kaɗai hanyar shiga, raguwar sababbin ɗalibai ta shekara biyu a jere ta isa ta hana biyan albashi.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba, kuma suna ba ya kare makaranta daga ita. Kwalejin zane ta San Francisco a Amurka, wadda aka kafa tun 1871, ta rufe a 2022 bayan bashi ya yi mata yawa kuma shirin haɗe ta da wata jami'a ya rushe. A 2024 Jami'ar Fasahar Zane ta Philadelphia ta sanar da rufewa, tsakanin sanarwar da rufe ƙofa kuwa mako ɗaya ne kacal, ɗalibai da malamai suka wayi gari ba su da makaranta. Waɗannan wurare ba su rasa manyan masu zane ba. Ra'ayina shi ne a nemi mutumin da ya taɓa riƙe kasafin kuɗi ya fitar da wata ma'aikata daga bashi, ko da bai taɓa riƙe alƙalamin zane ba, sannan a naɗa masa mataimaki mai kula da harkar karatu.

Usmanu, Liyon:

Malam Sale, misalan da ka kawo gaskiya ne, amma akwai wani misalin daga Amurkar da ya shafi ainihin abin da muke yi, wato zaɓen shugaba. Kwalejin zayyana ta Rhode Island, wadda aka kafa a 1877, ta ɗauko John Maeda daga cibiyar fasaha ta MIT ta ba shi shugabanci a 2008. Mutum ne sananne a duniyar zayyanar kwamfuta, irin wanda ƙanena Abakar yake fata, amma a 2011 malaman kwalejin suka kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna, kuma babban ƙorafinsu shi ne ana yanke shawara a kan tsarin karatu ba tare da jin ta bakinsu ba. Ya bar kujerar a ƙarshen 2013. Wadda ta gaje shi, Rosanne Somerson, mai ƙera kujeru da tebura ce, a kwalejin ta yi karatu, a nan ta daɗe tana koyarwa, kuma tana cikin waɗanda suka kafa sashen zayyanar kayan ɗaki.

Ban kawo wannan don in ce na gida ya fi baƙo ba. Na kawo shi ne don a ga cewa malaman zane ba sa bin shugaba saboda sunansa ko takardarsa, kuma idan suka juya masa baya babu kasafin kuɗin da zai yi aiki, domin su ne za su shiga ɗakunan aiki su aiwatar. Duk wanda aka kawo, ko dakta ne ko akanta, idan malamai ba su da hannu a zaɓensa to an fara da ɓaraka.

Wani abu kuma, tunda na ji ana cewa a nemo ɗan ƙasa da ke zaune a Turai. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kuma wanda ya saba da albashin nan Turai ba zai zauna a kan albashinmu ba sai in yana da wata hanyar samu, wadda ita ce za ta riƙa ɗauke shi daga Garwa rabin shekara. A tambaye shi tun farko wata nawa zai kwana a gari.

Hajiya Maryamu, Garwa:

Ina so in koma kan maganar Baba Alhaji, domin na ga an wuce ta da sauri, alhali a ganina ita ce amsar tambayar da Dakta ta yi game da dalilin da zai sa uba ya biya kuɗi mai yawa a wurinmu. Ni shagon ɗinki da rini nake da shi. A garin nan hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON take tun kafa ta a 1974, a nan masaƙar CICAM take, ƙauyukanmu kuma daga Pitowa har Gidar auduga suke nomawa, amma mafi yawan audugar nan ɗanya take fita waje, mu kuma mu sayo yadin da aka buga a wata ƙasa mu ɗinka. Kwalejin zayyana da ke zaune a tsakiyar wannan yanki, a ce ɗalibanta suna gamawa ba su taɓa zama a masaƙa sun jefa ƙoshiya ba, ba su taɓa tsoma zane a baba ba, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Jami'ar gwamnati ta fi mu gine-gine da arha, ba za mu yi gasa da ita a nan ba. Abin da za mu iya yi wanda zai yi mata wuya shi ne mu shigo da gwanayen sana'a cikin aji, tunda mu ba a ɗaure muke da tsarin ɗaukar ma'aikatan gwamnati ba.

Kuma an taɓa yin haka ya yi kyau. Ladi Kwali ba ta yi karatun boko ba, a gida ta koyi ginin tukwane. A 1954 ta shiga cibiyar tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ta koyi sabuwar hanyar gashi da ƙyalli ta haɗa da abin da ta gada, har ta kai ana nuna aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta ne a bayan naira 20. Matan Gawi da ke kusa da ku, Abakar, su ma tukwane suke ginawa suna yi wa bangon gidajensu zane tun kaka da kakanni, haka maginan ƙabilar Musgum na garin Pus da ɗakunansu na laka masu tsini. Wane shugaba ne zai ga waɗannan mutane a matsayin malamai ba abin kallo ba? Shi nake nema, kuma ban damu ko namiji ne ko mace ba, ko da yake zan so kwamitin ya tuna cewa mata ma suna iya neman kujerar, tunda sanarwar da na gani da namiji kaɗai take magana.

Abakar, Njamena:

Hajiya, na karɓi wannan. Sharaɗina kawai shi ne abin da aka saƙa ko aka jema ya bi ta kan kwamfuta ya zama samfurin da za a iya maimaitawa a sayar, kada ya tsaya a abu ɗaya da za a rataye a ofishin shugaba.

Dakta Hadiza, Ngaundere:

Hajiya da Baba Alhaji, abin da kuke bayyanawa yana da tarihi a makarantun zane, kuma ya kamata kwamitin ya san yadda ya kaya. Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta Jamus a 1919 ta fara ne da wannan tsari: kowane ɗakin aiki, na saƙa ko na ƙira ko na kafinta, yana da malamai biyu, ɗaya mai zane ne da ke koyar da fasali da launi, ɗaya kuma gwanin sana'ar ne da ke koyar da aikin hannu. Dalilin Gropius shi ne a lokacin babu mutum ɗaya da ya haɗa biyun, sai bayan an yaye ɗaliban farko aka samu waɗanda suka haɗa, irin su Gunta Stölzl da ta riƙe ɗakin saƙa. Amma ko a can masu zanen ne suka fi ƙarfin murya a majalisar malamai, kuma sunayensu ne duniya ta riƙe. Saboda haka, Baba, idan ba a rubuta matsayin gwanayen sana'a da albashinsu a cikin dokar kwaleji ba, alkawarin baki na sabon shugaba ba zai wuce shekararsa ta farko ba.

Malam Sale kuma zai so wannan: a zamanin shugaba na biyu, Hannes Meyer, wanda ya riƙe makarantar daga 1928 zuwa 1930, ɗakunan aikin sun riƙa sayar wa masana'antu zayyanarsu, kuma takardar ado ta manna wa bango ce ta fi kawo musu kuɗi. Ke nan ɗakin aiki ba wurin kashe kuɗi kaɗai ba ne.

Duk da haka ina nan a kan bakana game da takarda. Shugabannin Bauhaus uku duk masana zanen gine-gine ne da ake ji da su, ba wanda aka ɗauko don iya lissafi kawai. Idan har za a sassauta, sai dai a ce digirin dakta ko kuma aikin da duniyar zane ta shaida, tare da tabbatar wa ma'aikata ta amince da takardun mutumin kafin a sanar da sunansa, don kada a naɗa shi a zo ana jan ƙafa wajen sabunta izini.

Rukayya, ɗaliba a shekara ta biyu:

Iyayena da malamaina, ina neman izini in sa baki duk da ƙarancin shekaruna. Mu ɗalibai ba a ba mu kujera a kwamitin ba, kuma ba mu san ko za mu ga fuskar masu nema kafin a gama ba. Abin da muke roƙo shi ne waɗanda suka kai zagaye na ƙarshe su zo kwalejin a bainar jama'a, kowannensu ya yi yini guda, ya shiga ɗakunan aiki, a ɗora masa aikin ɗalibi a gabansa ya yi masa sharhi kamar yadda malamanmu ke yi, mu ji yadda yake magana a kan abin da hannu ya yi. Mutum zai iya haddace amsar tambayoyin kwamiti, amma ba zai iya haddace abin da zai ce a kan tukunyar da bai taɓa gani ba. Muna kuma so mu ji ko yana iya magana da Fulatanci ko Hausa, domin idan za a shigo da irin su Baba Alhaji cikin aji, shugaban da ba ya iya gaisawa da su sai da tafinta zai sha wuya.

Malam Sale, Garwa:

Rukayya, 'yata, shawararki tana da kyau a ido, amma tana da farashi. Mutanen da suka fi cancanta yawancinsu suna riƙe da wani muƙami yanzu, kuma wanda ke aiki a jami'ar gwamnati ko a wani kamfani ba zai so shugabanninsa su ji cewa yana neman tafiya ba, balle a ce ya nema a bainar jama'a ya faɗi. Garwa ƙaramin gari ne a wannan fanni. Ranar da mutum ya taka ƙofar kwalejin, kafin la'asar labari ya kai Yawunde. Idan muka ce sai an fito fili, za mu tsira da waɗanda ba su da abin rasawa ne kawai. Shi ya sa a wurare da yawa ake rufe sunaye har sai an kammala.

Usmanu, Liyon:

Malam, ana rufewa a wasu wurare, ana kuma buɗe zagayen ƙarshe a wasu, kuma hanyar tsakiya sananniya ce: a ɓoye sunayen duk masu nema a matakin tantance takardu da ganawar farko, sannan biyu ko uku na ƙarshe a gaya musu tun a sanarwa cewa za su fito gaban malamai da ɗalibai. Wanda bai yarda da haka ba ya san sharaɗin tun kafin ya aiko da takardarsa. Ni abin da ya fi damuna ba sirrin masu nema ba ne, sirrin amintattu ne. Idan wasu daga cikinsu sun riga sun tsayar da nasu, ana kafa kwamiti ne don a ce an yi, to duk wannan rubutu namu aikin banza ne. Malam Isiyaku, ka nemi a rubuta cewa majalisar ba za ta naɗa kowa ba sai daga cikin sunayen da kwamitin ya miƙa mata, kuma duk ɗan kwamitin da ke da dangantaka ta jini ko ta kasuwanci da mai nema ya faɗa ya fita daga zaman.

Alhaji Buba, Marwa:

Maganar yarinyar nan ita ce daidai, Malam Sale. Mu a kasuwa ba ma sayen fata a naɗe, sai an warware ta an duba ciki da baya. Wanda yake jin kunyar a gan shi yana neman kwalejin, ban ga yadda zai tsaya gaban masu kuɗi ya roƙa mata ba.

Hajiya Maryamu, Garwa:

Ƙari a kan abin da Usmanu ya ce, a buɗe wa na ƙarshen nan littafin kuɗin kwalejin su gani kafin su karɓa, da bashin da ake bin ta da albashin da ke kanta, sannan a nemi kowannensu ya rubuto abin da zai yi a shekara biyu na farko da kuɗin da ke akwai, ba da tallafin da yake fatan samu daga wata ƙungiyar waje ba. Wannan zai gwada abin da Malam Sale ke so a gwada ba tare da an miƙa kwalejin ga wanda bai san zane ba. Idan ya zama dole a ƙarfafa ɓangaren kuɗi, a ɗauki ƙwararren ma'aji mai ikon cewa a'a, ya riƙa kai rahoto ga amintattu kai tsaye.

Malam Isiyaku, Garwa:

Na gode muku duka. Ga abin da na fahimta zan sa a takardar, wanda bai yarda ba ya yi magana kafin daren Alhamis, domin ranar Juma'a zan miƙa ta. Za mu nemi mai digirin dakta ko wanda aikinsa na zane ko zayyana ya shahara, da sharaɗin a tabbatar da amincewar ma'aikata kafin sanarwa, kuma a gyara sanarwar ta nuna maza da mata duk suna iya nema. Za mu nemi kowane mai nema ya faɗi a rubuce yadda zai shigo da gwanayen sana'a cikin koyarwa da abin da zai biya su, da yadda zai gyara ɗakin kwamfuta da matsalar wuta, da yadda zai karɓi ɗaliban Cadi. Za mu nemi a ƙara kujera ɗaya ta ɗalibai da ɗaya ta masu sana'a a kwamitin, malamai kuma su zaɓi wakilansu da kansu maimakon a zaɓar musu. Batun fitowa fili a zagayen ƙarshe na ga rinjaye yana tare da Rukayya da Usmanu, don haka zan sa shi. Batun harshe zan rubuta shi a matsayin abin da ake so, ba sharaɗi ba, don kada a ce mun rufe wa 'yan kudu ƙofa.

Baba Alhaji, idan aka amince da kujerar masu sana'a, ina roƙon ka tuntuɓi dukawa da majema na Marwa, Hajiya kuma ta tuntuɓi marina da masaƙa na nan, ku tsayar da mutum ɗaya.

Malam Sale, Garwa:

Malam Isiyaku, ban hana a miƙa takardar ba, kuma shawarar Hajiya ta buɗe littafin kuɗi na amince da ita ɗari bisa ɗari. Amma ina so a rubuta a ƙasa cewa akwai wanda bai yarda da fitar da sunayen zagayen ƙarshe ba, da dalilinsa, domin amintattu su auna da kansu. Sannan a sakin layin da ya shafi albashin gwanayen sana'a, a ƙara cewa mai nema ya nuna daga wane ɓangare na kasafin zai cire kuɗin. Zan turo maka yadda nake so a rubuta jimlar kafin azahar gobe.